Dandalin Kwamfuta: In bayanai suka fara zubewa bayan an sabunta babbar manhaja

 Yau za mu taɓo wata matsala da ke addabar 'yan kulab ɗin kimiyya, musamman 'yan JETS masu haɗa na'urori da allon Arduino. Abin takaicin shi ne takan ɓullo a lokacin da ba a so, ana gab da gasa ko baje koli.

A ce kulab ɗinku ya haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Ƙwan kaza na buƙatar zafi wajen digiri 37.5 har tsawon kwana 21, don haka kuka sa allon Arduino yana auna zafin yana aika wa kwamfuta, ita kuma tana adanawa a fayil. Komai na tafiya daidai. Sai aka sabunta babbar manhajar kwamfutocin makaranta daga Windows 10 zuwa Windows 11, kamar yadda ake ta yi tun da kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafinsa na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Washegari kuka buɗe fayil, sai ga giɓi: wasu layuka babu su, wani wurin kuma 37.5 ya koma 7.5. Layin da ya ɓace gaba ɗaya da sauƙi, domin ido zai gane babu shi. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda harafi ɗaya ya faɗi, domin 7.5 ma lamba ce, kuma manhajar lissafi za ta karɓe ta ba tare da gardama ba, ta ɓata muku sakamakon aikin mako uku.

A irin wannan hali, yawancinmu canke muke yi. Wannan ya ce kebul ne, wancan ya ce allon ya ƙone, wani ya ce a goge kwamfutar baki ɗaya. Darasinmu na yau shi ne yadda ake bin sawun matsalar a tsanake, domin yanayin yadda bayanai ke ɓacewa shi da kansa yakan nuna inda suke zubewa.

Mece ce ƙofar siriyal?

Ƙofar siriyal hanya ce da na'urori biyu ke magana da juna ta hanyar tura bayanai ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, kamar ɗalibai sun yi layi suna shiga aji ta ƙofa ɗaya. Tsohuwar fasaha ce. An fito da ƙa'idarta mai suna RS-232 a Amurka tun 1960, kuma soket ɗinta mai haƙora tara ya yaɗu ne tun da kamfanin IBM ya sa shi a kwamfutarsa ta PC/AT a 1984. Laftof ɗin yanzu ba kasafai suke zuwa da wannan soket ba, amma fasahar tana nan da ranta. Ana samun ta a injinan gwajin jini na asibiti, da manyan sikeli, da inbata, da na'urorin GPS. Allonku na Arduino ma da ita yake magana, sai dai akwai wani ɗan cif a jikinsa da ke juya maganar ta bi ta kebul ɗin USB. Shi ya sa Windows ke nuna shi da suna irin COM3 ko COM5, Linux kuma ta kira shi ttyUSB0 ko ttyACM0.

Kafin magana ta yiwu, dole ɓangarorin biyu su amince da gudu ɗaya. Ana auna gudun da bod, sunan da aka samo daga Emil Bodo, wani injiniyan wayar tangaraho ɗan Faransa. A tsarin da aka fi amfani da shi, wanda za ku ga an rubuta 8N1, kowane harafi na cin bit 10: ɗaya na buɗewa, takwas na saƙon kansa, ɗaya na rufewa. Ke nan a gudun bod 9600 haruffa 960 ke wucewa a sakan ɗaya, a gudun 115200 kuma haruffa 11,520. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Akwai halin ƙofar siriyal da ya kamata ku sani tun yanzu. In kuna sauke fayil daga intanet, wani yanki ya ɓace a hanya, kwamfutarku za ta nemi a sake turo shi ba tare da kun ma sani ba. Ƙofar siriyal ba ta da wannan tsari. Mai aikawa zubawa kawai yake yi kamar famfo, ko an tara bokiti ko ba a tara ba. Abin da ya zube ya tafi ke nan.

Ina ruwan sabuntawa da ita?

Tsakanin allonku da fayil ɗin da kuke adana bayanai akwai zango da yawa: allon kansa, kebul, cif mai juya siriyal zuwa USB, sai direba, sai babbar manhaja, sannan manhajar da ke karɓa ta rubuta. Direba a nan wata 'yar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin na'ura da babbar manhaja. Sabuntawa ba ta taɓa allo ko kebul. Abin da takan taɓa shi ne zangon da ke cikin kwamfuta: takan musanya direba da sabo, takan mayar da saitin da wani ya gyara tun da daɗewa zuwa na asali, takan sauya lambar ƙofa, takan kunna tsarin tsimin wuta, wani lokacin kuma ta zo da sabuwar manhaja mai leƙa kowace ƙofa da aka buɗe.

Amma kada ku yanke hukunci da wuri. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, sai dai faruwar abu biyu a rana ɗaya ba ta tabbatar da ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Ranar da aka sabunta kwamfutoci wataƙila an matsar da tebura, an zare kebul an mayar da shi wani soket daban, ko an haɗa da wani kebul ɗin. Wuta ma na iya ɗaukewa da dare. Dole a gwada.

Gwajin ƙirga

Ba za ku iya gyara abin da ba ku auna ba. Ma'aunin zafi ba ya taimakawa wajen bincike, domin in kun ga 37.5 sau goma a jere ba za ku san ko sau goma sha biyu aka turo ba. Don haka ku ajiye manhajar aikinku gefe, ku ɗora wa allon wata gajeriya wadda aikinta kawai ƙirga: ta aika 1, sannan 2, sannan 3, kowace lamba a layinta, sau goma a sakan. A minti ɗaya za a samu layi 600, a awa ɗaya 36,000.

A ɓangaren kwamfuta kuma, kada ku karɓa da manhajar da kuka saba. Ku yi amfani da manhajar tasha mai sauƙi irin su PuTTY ko Tera Term, waɗanda kyauta ne kuma suna iya adana duk abin da ya shigo a fayil. In lambobi sun cika a PuTTY amma suna ɓacewa a manhajarku, to kun riga kun gano cewa direba da kebul lafiyarsu lau, manhajarku ce ba ta jitu da sabon tsari ba. In kuma a PuTTY ma akwai giɓi, sai ku zuba fayil ɗin a Excel, ku cire kowace lamba daga wadda ke bin ta. Duk inda amsa ba 1 ba ce, nan aka yi asara. Ku rubuta abu uku a littafi: layi nawa suka ɓace, a wane lokaci, kuma me kwamfutar ke yi a lokacin.

Karanta sawu

Sawu na farko: babu abin da ke shigowa sam. A Windows ku buɗe shafin Device Manager, ku duba sashen ƙofofi. Sau da yawa COM3 ce ta koma COM7 ko COM12, manhajarku kuma tana can tana jira a tsohuwar ƙofa. Wasu tsofaffin manhajoji ma ba sa iya buɗe ƙofar da lambarta ta wuce 9, sai an shiga saitin ƙofar an mayar da ita ƙaramar lamba. In kun ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a jikin sunan na'urar, direba ne ya ƙi aiki.

Wannan ƙin aiki yana da tarihi. Cif ɗin PL2303 na kamfanin Prolific da ke Taiwan yana cikin ɗimbin kebul masu araha, kuma an yi jabunsa da yawa. Sababbin direbobin kamfanin ba sa aiki da na jabu, haka kuma ba sa aiki da tsohon samfurin PL2303HXA, inda sukan nuna saƙon cewa an daina yin sa tun 2012. Shi kuwa kamfanin FTDI da ke Gilasgo a Sikotland, a watan Oktoban 2014 wani direbansa da ya bi ta sabuntawar Windows ya riƙa goge lambar shaidar cif na jabu, har kwamfuta ta daina gane su. An janye shi bayan ƙorafi ya yi yawa. A farkon 2016 wani direban nasa ya riƙa cusa saƙon gargaɗi a cikin bayanan da ke bi ta cif na jabu. Mai kebul bai san jabu ya saya ba, shi dai ya ga abin da ke aiki jiya ya daina yau.

A Linux ma akwai misali sananne. Ubuntu 22.04, wadda ta fito a watan Afrilun 2022, ta zo da manhajar brltty da aka yi don makafi masu amfani da na'urar karatun Birel. Wata na'urar Birel na amfani da lambar shaida irin ta cif ɗin CH340, wanda ke jikin yawancin allunan Arduino masu araha da ake kawowa daga Sin. Da an soka allon, sai ƙofar ta bayyana, nan take brltty ta ƙwace ta, ta ɓace. Mutane da yawa cire brltty suka yi. Amma in kwamfutar ta makaranta ce, ku fara tambaya ko akwai ɗalibi makaho da ke amfani da ita, kada ku gyara naku ku ɓata nasa. Har ila yau a Ubuntu, dole sunan mai amfani ya kasance a rukunin dialout kafin a bar shi ya buɗe ƙofar.

Sawu na biyu: abu na shigowa amma shirme ne tun daga farko, alamomi barkatai marasa ma'ana. Wannan kusan kullum saɓanin gudu ne. Allo na magana a 115200, kwamfuta na saurare a 9600, wanda shi ne gudun asali da saiti ke komawa. Ku daidaita gudu da tsarin 8N1 a ɓangarorin biyu.

Sawu na uku: abin da aka aika a sakan ɗaya ko biyu na farko ne kawai ke ɓacewa. Arduino Uno na sake tashi daga farko duk lokacin da kwamfuta ta buɗe ƙofarsa, kuma yakan ɗan ɗauki lokaci kafin ya shirya. Duk umurnin da aka tura masa a wannan tsakani asara ne. Maganin shi ne manhajar kwamfuta ta jira sakan biyu, ko mafi kyau, allon ya fara aiko da kalmar "NA SHIRYA" kafin a tura masa komai. A Linux akwai kuma manhajar ModemManager, wadda kan aika wa sabuwar ƙofa tambayoyi don ta ga ko modem ce, ta riƙe ta na ɗan lokaci. Windows ma na da tata: in na'ura irin GPS tana ta zubo bayanai lokacin da kwamfuta ke tashi, Windows kan zaci tsohon linzamin siriyal ne, sai ku ga kibiya na tsalle a fuskar kwamfuta ita kaɗai, bayananku kuma sun tafi can. A Device Manager ake kashe wannan linzamin na ƙarya.

Sawu na huɗu shi ne ya fi yawa, kuma ya fi wuyar kamawa: haruffa na ɓacewa a tsakiyar dogon saƙo, abin na ƙaruwa in gudu ya ƙaru ko in kwamfuta na fama da wani aiki. Wannan ambaliya ce. A kowane zango akwai ɗan ma'aji da ke riƙe haruffa kafin a zo a kwashe. In mai kwasa ya makara, ma'aji ya cika, abin da ya biyo baya zubewa zai yi.

Ga lissafin. Ma'ajin karɓa na Arduino Uno haruffa 64 yake ɗauka. A gudun 9600 zai cika cikin milisakan 67, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. A gudun 115200 kuwa bai kai milisakan 6 ba. Don haka in manhajar allonku na da umurnin jira na sakan ɗaya alhali kwamfuta na turo dogon saƙo, haruffa 64 na farko kawai za su tsira. Kwamfutar tebur mai soket na haƙora tara kuma yawanci tana da cif irin 16550, mai ma'ajin haruffa 16. A saitin asali na Windows, sai haruffa 14 sun taru yake kiran a zo a kwashe, saura gurbi biyu ke nan. A gudun 115200, haruffa biyu ba sa cin ko kashi ɗaya cikin biyar na milisakan. Kwamfutar da aka sabunta jiya kuwa takan shafe sa'o'i tana aiki a ɓoye, tana jera fayiloli, tana binciken ƙwayar cuta, tana sauke ƙarin gyare-gyare, ga kuma tsufa. Kaɗan ta makara, an yi asara.

Tabbatar da ambaliya ba wuya: ku rage gudu zuwa 9600 a ɓangarorin biyu ku maimaita gwajin ƙirga. In giɓi ya ragu ko ya ɓace, ita ce. Gyaranta kala uku ne. Ko ku zauna a ƙaramin gudu in aikin bai buƙaci sauri ba, kuma auna zafi sau ɗaya a minti ba ya buƙata. Ko ku shiga saitin ƙofar ku rage wancan 14 ɗin zuwa 8 ko 4, domin a riƙa kwashewa da wuri. Ko kuma ku kunna tsarin dakatarwa, inda mai karɓa ke iya cewa mai aikawa ya tsaya tukuna. A soket mai haƙora tara, haƙori na 7 da na 8 ke wannan aiki, ana kiran su RTS da CTS. Sharaɗin shi ne na'urorin biyu su san tsarin, kuma kebul ya kasance da waɗannan wayoyi a ciki, domin wasu kebul waya uku kawai gare su. Akwai tsofaffin na'urori da ke dogara da wannan tsari, sabuntawa ta kashe shi a ɓangaren kwamfuta, ambaliya ta fara.

Sawu na biyar: komai lafiya na tsawon lokaci, sai babban giɓi, musamman da dare ko bayan an bar kwamfuta ba a taɓa ta ba. Tsimin wuta ne. Ko dai kwamfutar ta yi barci, ko ta kashe soket ɗin USB don ta ga kamar ba a amfani da shi, ko ta sake tashi da kanta don kammala sabuntawa. Ku duba agogo: in giɓin na farawa daidai minti 15 ko 30 bayan kun tashi daga gabanta, babu sauran shakka. A saitin wuta ku hana ta barci in tana jone da caja, a Device Manager kuma ku cire alamar da ta ba ta izinin kashe USB don tsimi.

Sawu na shida: wasu haruffa takamaimai ne kullum ke ɓacewa. Akwai wani tsarin dakatarwa da ba ya buƙatar ƙarin waya, sunansa XON/XOFF, wanda ya ware lamba 19 a matsayin "tsaya", lamba 17 kuma "ci gaba". In an kunna shi alhali na'urarku lambobi tsagwaronsu take aikawa ba rubutu ba, duk 17 da 19 da suka biyo za a haɗiye su a matsayin umurni, wani lokacin ma sadarwar ta tsaya cak. Gwajin ƙirga na rubutu ba zai nuna wannan ba. Sai kun sa allon ya aika bayit 0 zuwa 255 a jere, ku ga waɗanda ba su iso ba.

Sawu na bakwai: saƙo na isowa a gutsure, manhaja na cewa lokaci ya ƙure. A nan babu abin da ya ɓace, makara kawai ya yi. Cif ɗin FTDI kan riƙe ƙananan saƙonni har milisakan 16 kafin ya miƙa, sai dai in ma'ajinsa ya cika kafin nan. Masu aikin da ke buƙatar amsa nan take sukan rage wannan zuwa 1 ko 2 a saitin direba, sabon direba kuma na iya mayar da shi 16. Manhajar da aka rubuta ba ta da haƙurin jira sai ta ɗauki rabin layi ta watsar da sauran.

Sawu na ƙarshe: haruffa na canzawa jefi-jefi ba tsari, 5 ta koma wata alama, ko da kwamfuta na hutawa. Wannan ba laifin babbar manhaja ba ne. Ku duba kebul, da wayar ƙasa wadda ke haƙori na 5, da tsawon waya, domin an saba ƙiyasta iyakar RS-232 a wajen mita 15. Ku kuma nisanta ta daga injin janareta, da mota mai juya fanka ko famfo.

Raba hanya biyu

In sawu bai fito sarai ba, sai a raba hanya. Gwaji na farko shi ne mayar wa kai. Ku cire na'urar, ku bar kebul ɗin siriyal a jikin kwamfuta, ku haɗa haƙori na 2 da na 3 da guntuwar waya. Na 3 ne bakin aikawa, na 2 kunnen karɓa. A ƙaramin cif na USB kuma, TX da RX za ku haɗa. Yanzu duk abin da kuka rubuta a PuTTY zai fita ya dawo ya bayyana a fuska. Ku zare wayar ku ga ya daina bayyana, don ku tabbatar dawowa yake yi da gaske. In dogon rubutu ya je ya dawo cif-cif, kwamfuta da direba da kebul sun kuɓuta, sai a koma kan na'urar. In ya dawo da giɓi, na'urar ce ta kuɓuta.

Gwaji na biyu shi ne musanya. Ku kai allon da kebul ɗin nan dai wata kwamfutar da ba a sabunta ba, ku yi gwajin ƙirga na tsawon lokaci ɗaya, a gudu ɗaya. In can lafiya nan giɓi, yanzu kuna da hujjar ɗora wa sabuntawa laifi.

Doka ɗaya ce ke riƙe da duk wannan aiki: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya canza kebul da direba da gudu a tashi ɗaya, ko da matsalar ta tafi bai san abin da ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo zai koma farko.

In direba ne

In bincike ya tsaya kan direba, a shafinsa na Device Manager akwai maɓallin Roll Back Driver mai dawo da wanda ya gabata, in har kwamfutar ta adana shi. In babu, ku sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera cif ɗin kawai. Ku guji shafukan da ke tallar direbobi kyauta barkatai, domin nan ake kwaso ƙwayar cuta. In cif ɗin jabu ne ko an daina tallafa masa, sayen kebul mai inganci ya fi kokawa da tsohon direba da Windows za ta sake musanyawa gobe. Araha ba ta ado.

Windows na ba da kwana 10 bayan babbar sabuntawa da za a iya komawa tsohuwar manhaja. Wannan mafita ce ta gaggawa in gasa ta matso, amma zama a kan manhajar da aka daina toshe mata kafofin tsaro ba dabara ba ce, musamman ga kwamfutar da ke hawa intanet. Kuma duk waɗannan sauye-sauye, in kwamfutar makaranta ce, da izinin malamin ɗakin kwamfuta ake yin su. Ku je masa da littafinku na sakamako: "Malam, a gudun 115200 layi kaza ke ɓacewa a awa, a 9600 babu ko ɗaya." Wannan ya fi "Malam, abin ba ya yi" saurin samun taimako.

Gargaɗi ɗaya: soket mai haƙora tara na aiki da wutar da kan kai bolt 15 sama ko ƙasa da sifili, Arduino Uno kuwa bolt 5 yake ɗauka. Kada ku haɗa su kai tsaye, sai da cif irin MAX232 a tsakani, in ba haka ba allon zai lalace.

Rigakafi

Tun da ƙofar siriyal ba ta sanar da asara, ku gina wannan a cikin aikinku. Kowane layi ya fara da lambarsa, misali 1052,37.5, don giɓi ya tona kansa. Ku ƙara lambar tantancewa a ƙarshen layi, wadda ake samu daga lissafin haruffan layin, mai karɓa ya sake lissafawa ya kwatanta. Na'urorin GPS haka suke yi: kowane layinsu na ƙarewa da alamar tauraro da haruffa biyu na tantancewa. Da wannan, 7.5 na ƙarya ba zai shige ba. In da hali, ku sa wa allon katin ajiya na SD ya riƙa adana kwafinsa. Kafin kowace sabuntawa kuma, ku rubuta lambar ƙofa, gudu, tsarin dakatarwa da lambar samfurin direba a bangon littafin kulab. Sannan ku roƙi malam kada a sabunta kwamfutar aikinku a makon gasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin gida

Na ɗaya: a tsarin 8N1, haruffa nawa ke wucewa a sakan ɗaya a gudun bod 19200, kuma milisakan nawa ma'ajin haruffa 64 zai ɗauka kafin ya cika? Na biyu: wani kulab ya yi gwajin ƙirga na layi goma a sakan, ya tarar lamba ta tsallaka daga 9,000 zuwa 27,000, sauran kuma duk sun cika. Minti nawa da fara gwajin giɓin ya soma, minti nawa ya ɗauka, kuma wane sawu ne wannan a cikin waɗanda muka lissafa? Ku tattauna a kulab, ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu kawo amsoshin a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.